Yadda Ake Riƙe Ɗan'uwan da Shaye-shaye Ya Kama a Wannan Zamani na Tsadar Rayuwa

Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka sanar da cire tallafin man fetur, lissafin gidaje ya rikice. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 kafin 2024 ta ƙare, hauhawar farashi kuma ta zarce kashi 34 cikin 100 a Disambar shekarar. Magidancin da ke samun kwanon masara da ƙyar, in ka ce masa ya kai ɗansa cibiyar gyaran hali ta kuɗi, kallonka kawai zai yi. Daga nan galibi ɗayan biyu ake yi: ko a kori yaron, ko a zuba masa ido a ce Allah ya shirya. Akwai abin yi tsakanin waɗannan biyun, kuma yawancinsa tsari yake buƙata fiye da kuɗi.

Gidanku ba shi kaɗai ba ne. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya gano mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun taɓa kayan maye a cikin shekara guda, kimanin miliyan 3 daga cikinsu a Arewa maso Yamma. Wannan tun kafin rayuwa ta yi tsananin da take yi yau ke nan.

Mataki na farko: ku gano abin da yake sha, da abin da ya sa

"Yana shaye-shaye" bai isa bayani ba. Likita zai tambaye ku me yake sha, guda nawa a rana, tun yaushe, da me yake haɗawa, domin haɗarin kowanne daban ne.

Tiramol da kodin dangi ɗaya ne. Hukumar NAFDAC mai kula da ingancin abinci da magunguna ta amince da tiramol mai miligiram 50 da 100 ne don maganin ciwo, amma wanda ke yawo a tasha da bakin kasuwa yakan kai 225. Kodin na maganin tari kuwa gwamnati ta hana haɗa shi da shigo da shi tun Mayun 2018, bayan wani rahoton bincike na BBC, sai dai hanin ya ƙara masa tsada ne bai ɓatar da shi ba. Waɗannan idan aka sha fiye da kima suna tsayar da numfashi, tiramol kuma yana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Daina su yana da azaba ƙwarai, amma ba kasafai dainawar ke kashe mai sauran lafiya ba.

Ƙwayoyin sa barci irin su roci da diyazafam, da kuma giya, nasu ya sha bamban, kuma nan ne iyaye suka fi yin kuskure da kyakkyawar niyya. Wanda jikinsa ya saba da su kullum, in aka kulle shi a ɗaki aka yanke masa lokaci guda, yana iya faɗuwa da jijjiga, ya rikice, har ya rasa rai. Waɗannan a hankali ake rage su, kuma likita ne ke tsara ragin.

Sai wiwi da eksol da sholisho da sukudai da zaƙami, waɗanda suka fi taɓa hankali: mutum ya dinga zargin ana binsa, ko jin muryoyi, ko surutu shi kaɗai.

Ba da duka ake gano wannan ba. Ku duba fankon ƙwaya a aljihun wando lokacin wanki, ko kwalabe a bayan ɗaki, ku kai wa ƙwararren mai haɗa magani ya karanta muku.

Dalilin shan ma ku neme shi, don shi zai nuna muku abin da za ku maye gurbin ƙwayar da shi. Da yawa daga masu shan tiramol ba don nishaɗi suka fara ba. Lebura mai kwaɓa siminti, ɗan dako, ɗan ga-ruwa, mai adaidaita sahun da sai ya haɗa balas ɗin mai mashin da kuɗin mai kafin ya samu na cefane, duk "maganin gajiya" suke kiransa, kuma da gaske suke. A wajensu kayan aiki ne. Wani kuma barci ne ya ƙaurace masa tun da 'yan bindiga suka tashi garinsu. Wani ya gama karatu shekaru sun shuɗe yana zaune. Wa'azin da zai ratsa ɗaya ba zai taɓa ɗayan ba.

Mataki na biyu: ku koyi abin yi ranar da ya faɗi

Wannan na sa shi gaba da sauran matakan saboda mai rai ake yi wa magani. Idan kun same shi kwance ba ya farkawa ko an jijjiga shi, numfashinsa ya yi nisa da juna ko yana wani baƙon minshari, baƙin idonsa ya tsuke, leɓensa ya koma toka-toka, to kada wanda ya ce a bar shi ya yi barci zai warware. Ku juya shi ya kwanta a kan haƙarƙarinsa, a lanƙwasa ƙafar sama, a ɗaga haɓarsa kaɗan don iska ta samu hanya, amai kuma ya fita waje. Kada a ɗura masa madara ko manja ko ruwan gishiri; wanda ba ya cikin hayyacinsa huhu abin yake wucewa. In jijjiga yake yi, a janye abin da zai ji masa rauni, kada a danne shi, kada a cusa masa cokali a baki. A ɗauke shi zuwa asibiti mafi kusa tare da fankon abin da ya sha. Akwai allura mai suna nalokson da ke karya ƙarfin dangin kodin, don haka faɗa wa likita gaskiya a ƙofar shiga ya fi rufa asiri.

Tun yau ku ajiye lambar wani mai adaidaita na unguwa da zai fito da tsakar dare, da ɗan kuɗin mota a hannun uwa wanda ba a taɓawa. Idan kuma ya fara cewa gara ya mutu ya huta, kada ku ɗauka barazana ce. Ku kwashe fiya-fiya da maganin ɓera da ragowar magunguna daga gidan, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar.

Mataki na uku: mutum ɗaya ya yi masa magana

Taron dangi da za a zaunar da shi a tsakiya kowa ya tofa, ƙarshensa rantsuwar ƙarya ce da sabuwar dabarar ɓoyewa. Ku zaɓi mutum ɗaya da yake jin kunyarsa amma ba ya tsoronsa. Sau da yawa ba uba ba ne. Kawu ne, ko gwaggo, ko yaya, ko maigidansa na wajen sana'a. A same shi lokacin da yake garau, da hantsi bayan ya karya, ba a gaban ƙannensa ba.

A faɗi abin da ido ya gani, a bar laƙabi. Kawu zai iya cewa: "Ɗana, na ga ka rame, kuma sau biyu a satin nan ka faɗi a wajen aiki. Ba tuhumarka na zo yi ba. Me ke hana ka barci?" Daga nan ya yi shiru ya saurara, ko da abin da zai fara ji shi ne, "Kawu, wallahi sharri ake min." Musun farko ba komai ba ne. Kada a nemi ya dafa Alƙur'ani ya ce ya daina har abada. In ya karya, ya ƙara wa kansa nauyin da zai sa ya ƙara sha. Abu ƙarami za a roƙa: "Ka raka ni mu ga likita sau ɗaya. Ni zan biya kati."

Masu ganin sassauci ga mashayi sakaci ne da addini, su duba Sahihul Bukhari. An kawo wa Annabi (SAW) wani mutum da aka sha kamawa da shan giya, wani ya tsine masa, sai Annabi ya hana, ya kuma shaida cewa mutumin yana son Allah da Manzonsa. A wata ruwayar ya ce kada a zama mataimakan Shaiɗan a kan ɗan'uwa. Uwar da ke ɗaga murya tana yi wa ɗanta baki saboda zafin rai, a tuna mata wannan cikin ladabi. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Mataki na huɗu: ɗan kuɗin da ke akwai, likita za a fara kai wa

Mutane da yawa sun ɗauka magani shi ne a kwantar da mutum wata uku. Ba kowa ke buƙatar gado ba. Da yawa ana duba su ne su koma gida, su dawo ranar da aka ba su, kuma kuɗin wannan bai kama ƙafar na kwanciya ba. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na gwamnati a Barnawa ta Kaduna, da Kware a jihar Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau a Kano, asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya kuma suna da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa. In duk sun yi muku nisa, ku fara da babban asibitin garinku a ba ku takardar turawa. Hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ma, ban da kame, tana da sashen ba da shawara, da layin kira kyauta: 0800 1020 3040.

Zai ce, "Ni ba mahaukaci ba ne." Ku ce masa haka ne, likitan barci da damuwa za a gani, kuma ba ƙarya kuka yi ba.

A gaban likita ku ajiye kunya ku faɗi ƙarfin aljihunku. Ku tambaya ko za a iya yi daga gida. Ku nemi a rubuta magani mai sauƙin kuɗi in akwai irinsa, a kuma bambance muku gwajin da ya zama dole da wanda zai iya jira. Ku nemi ofishin jin daɗin marasa lafiya na asibitin, wanda aikinsa ke nan duba halin marasa ƙarfi. Wanda ya taɓa yi wa kansa allura, a gwada shi cutar HIV da ciwon hanta, wannan kam ba ya jira.

Sai maganar gidan mari, wadda ba zan yi mata kwana-kwana ba. A Satumbar 2019 'yan sanda sun fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, wasu da mari a ƙafa da tabon duka, makonni kaɗan bayan haka aka fasa wani a Daura. Iyayen da suka kai 'ya'yansu ba mugaye ba ne. Gajiya suka yi, kuma biya suke yi duk wata. Amma sarƙa tana hana ƙafa zuwa wajen dila ne na ɗan lokaci, ba ta taɓa dalilin shan, yaron kuma yakan fito da ƙullin da ya fi na da. Duk inda za ku kai shi, ku shiga ku ga makwancinsa da idonku, ku tambaya ko likita na zuwa, ko za a bar ku ku ziyarce shi ba tare da sanarwa ba. In an hana ku ɗaya daga cikin ukun nan, ku juya da ɗanku. Addu'a da ruƙiyya da nasihar malamin kirki suna tafiya tare da asibiti lafiya lau. Malamin da ya ce a zubar da maganin likita, ko ya yanka muku kuɗin da sai kun sayar da akuya, ku yi masa sallama.

Mataki na biyar: makon farko a gida

Idan likita ya yarda a yi a gida, ku shirya wa abin da ke tafe don kada ya firgita ku. Mai barin tiramol ko kodin yakan fara jin jiki cikin kwana guda: hamma, majina, gumi da sanyi, ciwon gaɓoɓi, murɗar ciki, zawo, amai, ga rashin barci. Abin yakan kai maƙura a kwana na biyu zuwa na uku, ya fara sauka wajen mako guda. Ku gaya masa wannan tun kafin a fara. Wanda ya san azabar tana da iyaka ya fi iya daurewa.

Ruwa ne babban abin kula. In babu kuɗin sayen haɗaɗɗen ruwan gishiri da sukari, a zuba ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa, ya dinga kurɓa. Abinci marar nauyi: koko, kunu, fate, ɗan romo in ya samu. Wanka da ruwan ɗumi yana sassauta ciwon jiki. Maganin da likita ya rubuta mutum ɗaya zai riƙe, ya ba shi a kan lokaci ya ga ya haɗiye. Kada tausayi ya sa wani ya je kemis ya ce a ba shi "na barci"; da haka ake fita daga wata ƙwaya a faɗa wata. In ya rikice bai san inda yake ba, ko ya yi jijjiga, ko amai ya hana ruwa zama, a koma asibiti.

Bayan jiki ya lafa akwai sauran aiki. Makonni za su shuɗe yana fama da kasala, da saurin fushi, da jin komai ba daɗi. A nan ne 'yan gida ke cewa ai ya warke, kowa ya kama gabansa, a nan ne kuma aka fi komawa.

Mataki na shida: a ba shi abinci, a hana shi tsabar kuɗi

Kada a taɓa horar da shi da yunwa. Yunwa na cikin abin da ke kai mutum ga ƙwaya, wasunsu ma don su kashe ta suke sha. Kwanonsa ya kasance a rufe a ajiye ko da ya yi laifi. Tsabar kuɗi ce za a tsuke. In takalmi yake so a saya masa, in kuɗin makaranta ne a biya kai tsaye, in aski ne a biya mai askin. Uwa ce ta fi karya wannan doka, ta bayan ƙofa, don kada ya je ya yi sata. A zauna da ita a fahimtar da ita, ba a yi mata faɗa ba.

Ku ɗauki takarda ku lissafa tare da shi abin da yake kashewa a rana, ku ninka sau talatin, ku ajiye kusa da kuɗin buhun shinkafa ko hayar ɗaki. Ku bar shi ya kalli lissafin da kansa, kada ku ƙara ko kalma.

Bashin dila kuwa, in har za a biya, sau ɗaya za a biya, ta hannun babba, a kuma shaida wa mai bin cewa daga yau wanda ya ba shi ya ba banza. Waya da keken ɗinki da 'yan kunnen zinariya a adana su, cire jarraba ne daga gabansa. Nauyin kati da magani da kuɗin mota kada ya faɗa kan mutum ɗaya: 'yan'uwa huɗu ko biyar su yanka wa kansu abin da za su iya duk wata, ko ɗari biyar-biyar ne, a damƙa wa mai amana yana rubutawa. Mai fitar da zakka a dangi ko a masallacin unguwa, a same shi a keɓe. Magani ga matalauci na cikin inda ta dace.

Dokokin gida kada su wuce biyu ko uku, kuma su zama waɗanda za ku iya cikawa: ba a shigo da kayan maye gida, ba a ɗaga wa kowa hannu, ba a fashin ranar asibiti. Idan ya kai ga dukan mata ko uwa ko yara, tsaronsu ya riga maganinsa. A raba su da shi, a sa mai unguwa a ciki, in ta kama a kira hukuma.

Mataki na bakwai: a cike masa yini

Wanda tiramol ke riƙe masa aiki, in ya koma wannan aikin da irin awoyin da, jikinsa zai nemi abin da ya saba. Babba ya je wajen mai mashin ko ɗan kwangila ya roƙi a rage masa yini na ɗan lokaci, ko a nema masa aikin da bai kai wannan cin jiki ba: jiran shago, koyon gyaran waya, kiwon 'yan kaji a bayan gida. Kada a tara masa jari mai kauri a watan farko. A fara da kaya, ba kuɗi ba, kuma a ƙarƙashin idon wani.

Lokaci mafi haɗari shi ne daga Magariba zuwa tsakar dare, sa'ar da majalisarsu ke cika. Cewa "ka rabu da abokan nan" ba ya aiki in babu inda zai je. A samo masa wani wurin zama: makarantar dare, ƙwallon yamma, ko hira a shagon yayansa.

Bari in ratse kaɗan a kan shawarar da ba a rasa mai kawo ta: "A yi masa aure zai nutsu." Aure ba ya cire ƙwaya daga jini. Abin da yake yi shi ne ƙara wa mai neman tsayuwa nauyin cefane, a kuma jefa 'yar mutane cikin abin da aka ɓoye mata. A bari ya daɗe a tsaye, in lokacin ya zo a gaya wa iyayen yarinya gaskiya.

Idan mace ce

Binciken 2018 ɗin nan ya nuna ɗaya cikin kowane mutum huɗu masu shan kayan maye mace ce, amma su ne suka fi ƙarancin zuwa asibiti, saboda ranar da aka sani ranar ake fara maganar saki. Nata shan a ɗaka yake, a cikin kwalbar lemo, sau da yawa daga hannun ƙawa a gidan biki, kuma ƙarƙashinsa akwai kaɗaici ko kishi ko baƙin cikin bayan haihuwa. Maigida ya sani takardar saki ba ta warkar da uwar 'ya'yansa. A samu yaya ko gwaggo mai riƙe sirri ta raka ta, a nemi likita mace in hakan zai sa ta saki jiki. Mai juna biyu kada ta yanke sha lokaci guda, don yana iya taɓa cikin. Ta faɗa a wajen awo. Mai shayarwa kuma ta san kodin da tiramol suna bin nono su kai ga jariri.

Mataki na ƙarshe: ranar da ya koma

Ku sa a ranku yana iya komawa. Cibiyar binciken shaye-shaye ta gwamnatin Amurka ta ƙiyasta kashi 40 zuwa 60 cikin 100 na waɗanda aka yi wa magani sukan sake sha, kusan daidai da yadda masu hawan jini ke sakin maganinsu ciwon ya dawo. Abin tsoro a ranar shi ne jikinsa ya riga ya manta da ƙwayar. Adadin da yake sha da ya tashi ya tafi aiki, yanzu yana iya tsayar masa da numfashi. Haka yake ga wanda ya fito daga kurkuku ko asibiti. Ku gaya masa wannan ƙarara tun yana garau.

In ta faru, a daren a sa masa ido ya kwana a kan haƙarƙarinsa, faɗa ya jira gari ya waye. Da safe mutumin nan ɗaya da ya fara yi masa magana ya tambaye shi abin da ya faru kafin ya sha: wa ya gani, me aka ce masa, ya ci abinci ko bai ci ba, kuɗi ne suka shigo hannunsa? Amsar ita za ta nuna ƙofar da za a toshe. A kira asibiti a matso da ranar ganin likita, kada a jira wadda aka rubuta a kati. Mai jinyar ma a duba shi: in uwa ce ke ɗauke da abin ita kaɗai tun farko, a karɓe ta na mako biyu, a kai ta a auna mata jini.